Ranar da jirage suka kwanta, ina ma'aikatan cikinsu suka sa kansu?

Maman Afnan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, amma sai na ɗan yi shimfiɗa. 'Yar yayata ta gama karatu, jiya ta zo min da maganar tana so ta yi kwas ɗin ma'aikatan cikin jirgi, aikin da na yi shekara tara. Uwarta ce ta turo ta wurina. Na buɗe baki zan ce mata Allah ya sa albarka, sai annobar korona ta 2020 ta faɗo min a rai, na kasa cewa komai.

Sawuna na ƙarshe kafin kulle daga Legas ne zuwa Kano, ƙarshen watan Maris. Lokacin an riga an rufe filin Malam Aminu Kano ga jiragen waje, Legas da Abuja ma an rufe su ranar 23 ga wata. Muka sauka, na ja 'yar jakata na hau mota, a raina ina cewa mako biyu ne. Na wanke kayan aikina na goge na rataye a jikin ƙofar ɗaki, jakar kuma na bar ta a shirye, da takalmi da ɗan abin kwalliya da fasfo a ciki. Kullum bayan sallar isha'i sai na duba waya ko an turo jadawalin aiki. Abin da aka turo a ƙarshe takarda ce mai layi huɗu: hutu ba albashi, sai abin da hali ya yi. Ba kora ba ce, ba kuma aiki ba. A haka na yi wata bakwai.

Abin da mutane ba su sani ba, albashinmu na asali ba wani abin kirki ba ne. Kuɗin yana cikin alawus, na sawu da na kwana a wani gari. In jirgi bai tashi ba, ko ba a taɓa albashinka ba ka riga ka karye. Ni kuma a lokacin ina biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu, ga maganin hawan jinin Inna. To me zan gaya wa yarinyar nan? Waɗanda suka yi aikin, da waɗanda suka ga yadda aka yi, don Allah ku yi magana.

Anti Hajo:
Wa alaikumus salam Maman Afnan. Ƙanwata, kin tayar min da tsohon miki. Ni jigilar alhazai ce rayuwata, kwantiragi nake yi, a kira mu in lokacin Hajji ya gabato, a sallame mu in alhaji na ƙarshe ya dawo gida. Da kuɗin wata biyu zuwa uku nan nake lissafin shekara, sai ɗan abin da Umara ta kawo. Ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da Umara. Muka ce ai Hajji ba za a taɓa shi ba. Aka yi Hajjin da mazauna can kawai, 'yan tsiraru. 2021 ma haka, mutum 60,000 kuma duk na cikin ƙasa. Sai 2022 aka buɗe wa na waje, shi ma kujerun Najeriya ba su kai rabin 95,000 da aka saba ba. Ki lissafa, shekara biyu cur ban sa ƙafa a jirgi ba. Mu 'yan kwantiragi ko takarda mai layi huɗun ba a turo mana ba. Shiru kawai aka yi, wayar da ta saba ƙara a Shawwal ba ta yi ƙara ba.

Abin da ya riƙe ni turaren wuta da humra. Da ina sayo kayan haɗi a Jidda, da hanya ta toshe na koma Kurmi ina haɗawa da abin da ya samu.

'Yar Auta:
Anti, ni ma irin burin nan nake da shi, shi ya sa nake bin zancen nan da kyau. Amma ai annoba ta wuce, ko? Yanzu kullum sai na ga kamfanonin Larabawa suna neman ma'aikata.

Baban Khalifa:
'Yar Auta, annoba ta wuce, amma yadda aka tsara aikin yana nan yadda yake. Na yi shekaru a harkar ƙungiyar ƙwadago a filin jirgi, bari in faɗa muku abin da na gani.

Ba sai an ɓoye ba, jaridu sun buga. A Afrilun 2020 kamfanin jiragen Arik ya yanke kashi 80 na albashin wannan wata, ya tura kashi 90 na ma'aikatansa hutu ba albashi daga 1 ga Mayu, a Disamba kuma ya sallami mutum 300. Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70 a Agusta. In matuƙi da ake kashe miliyoyi a horar da shi bai tsira ba, ina ga mai kula da fasinja? Kuma ba wai kamfanonin ƙarya suke yi ba. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce zirga-zirgar fasinja a duniya ta faɗi da kusan kashi 66 a 2020. Jirgi yana ajiye, amma kuɗin hayarsa da inshora da gyara ba sa tsayawa.

Inda nake da ja shi ne wa aka ɗora wa nauyin. A Amurka majalisa ta ware dala biliyan 25 don albashin ma'aikatan jiragen fasinja, bisa sharaɗin ba za a kori kowa dole ba har 30 ga Satumba 2020. Ba daga sama abin ya faɗo ba, ƙungiyar ma'aikatan cikin jirgi ƙarƙashin Sara Nelson na cikin waɗanda suka dage sai an ɗaure kuɗin da albashi. A nan Najeriya gwamnati ta raba wa kamfanoni naira biliyan 4. Ku tambayi 'yan uwan nan nawa ya iso aljihunsu.

Akwai kuma abin da ya fi ci min rai. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, zai iya cire kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa. Amma sai ka kai takardar sallama. Wanda aka ce wa hutu ba albashi ba shi da wannan takarda. Kuɗinsa ne, yana kallo, ba zai taɓa ba. Haka sashe na 20 na dokar ƙwadago ya ce in za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiya, a bi ƙa'idar na ƙarshen shigowa shi ne na farkon fita, a zauna a daidaita abin sallama. In an kira abin hutu, an tsallake duk wannan.

Maman Afnan:
Yaya, wallahi wannan shi ne ya same ni. Na je ofishin masu kula da fanshona a wata na biyar, matar ta duba takardata ta ce Hajiya ai ba a kore ki ba. Na fito na zauna a mota na yi kuka. A ranar har na ji gara a ce an kore ni in san matsayina.

Malam Na Zariya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ni dai ina ganin a yi duba ga wani ɓangare. Arziki na Allah ne, kuma annobar nan ba ma'aikatan jirgi kaɗai ta taɓa ba. Malaman makarantun kuɗi sun yi watanni ba ko sisi, direbobin haya ma haka. Sannan in za a ba yarinya shawara ta gaskiya, aiki ne da mace ke kwana a garuruwa ba muharrami, tana zuba wa maza shayi. In ga shi ba tabbas, ga wannan, me zai hana ta nemi koyarwa ko aikin asibiti?

Anti Hajo:
Malam, da girmanka, amma zuba shayi ba shi ne aikinmu ba. Doka ce ta ce kowace kujera 50 sai da ma'aikaci ɗaya, kuma ba don shayi aka kafa dokar ba. Don a iya fitar da mutane daga jirgi cikin daƙiƙa 90 ne in wuta ta tashi. Ana koya mana kashe gobara, da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, har da karɓar haihuwa. A Zariyarku ma ai ana koyar da kwas ɗin, a kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama. Na taɓa durƙusawa a tsakanin kujeru ina riƙe wa wata dattijuwa 'yar ƙauye abin shaƙar iska tun daga sararin Sudan har muka sauka Madina. Ba ta jin kowane yare sai Hausa, kuma ba ta yarda namiji ya taɓa ta ba. Da babu mace Bahaushiya a jirgin nan, wa zai riƙe ta?

Malam Na Zariya:
Na karɓi gyara a kan wannan, Hajiya, ban san zurfin horon ya kai haka ba. Amma maganar rashin tabbas tana nan, ita na fi nufi.

Baƙuwar Dubai:
Bari in sa baki tunda 'Yar Auta ta ambaci kamfanonin Larabawa. Ni a can annobar ta same ni. Albashi ya fi na gida nesa ba kusa ba, gida kyauta, mota ta ɗauke ka ta mayar da kai. Amma komai naka a hannun kamfani yake. Takardar zamanka a ƙasar da sunan aikin aka ba ka, ɗakin da kake kwana nasu ne, kuma babu ƙungiyar ƙwadago da za ka kai kuka. Ranar da aiki ya tafi, ɗaki da takardar zama suna bin sa.

A bene ɗaya muke da wata 'yar Kenya da wata 'yar Filifin. Saƙo ake turowa da dare a ce gobe ka zo ofis ƙarfe kaza. Kowa ya san ma'anar saƙon. Mun kai ga ba ma iya barci, kowa da waya a ƙirji, in ta yi ƙara gabanka ya faɗi. Ta Filifin aka fara kira. Mu muka taya ta ɗaure kwalaye, ta raba mana tukwanenta da abin dafa shinkafa, don kuɗin aika su gida ya fi kuɗinsu. Bayan mako uku aka kira ni.

Yadda muka jure? Girki tare, da kiran gida kullum, da wani rukunin WhatsApp da muka buɗe na waɗanda aka sallama. A nan ake faɗa maka yadda za ka rufe asusun banki ba tare da an riƙe kuɗin sallamarka ba saboda bashin kati, da inda za ka sayar da kayan ɗaki, da ranar da jirgin kwaso mutane zai tashi. Abin da kamfani bai gaya mana ba, junanmu muka gaya wa. Amma akwai waɗanda abin ya taɓa musu ƙwaƙwalwa sosai, ba na so a raina wannan. Ni kaina sai da na ga likita bayan na dawo, don wata uku ina gida amma ƙarar saƙo tana sa hannuna rawa.

'Yar Auta:
Subhanallahi. Anti, kin koma daga baya?

Baƙuwar Dubai:
Sun kira ni a 2022, na koma. Amma a matsayin sabuwa, shekara shida da na yi a baya ba a lissafa ba. Bambancin kawai yanzu ba na barin kuɗi a can, duk wata sai na turo gida, kuma na sayi fili a Kaduna kafin in sayi komai.

Yaya Na Landan:
Ni ba ma'aikacin jirgi ba ne, a asibiti nake aiki a Ingila, amma na zauna da su a lokacin. A nan gwamnati ta biya kashi 80 na albashin duk wanda aka zaunar a gida, har fam 2,500 a wata. Duk da haka British Airways ya sanar a Afrilun 2020 zai rage har mutum 12,000, Virgin Atlantic ya rage fiye da 3,000. Aka yi ta rigima da ƙungiyar ƙwadago ta Unite kan salon a sallame ka a sake ɗaukarka da ƙaramin albashi. Saboda haka kada a ɗauka Turai an sha da daɗi.

Abin da ya burge ni shi ne yadda horon nasu ya yi amfani a wani wuri. An nemi ma'aikatan easyJet da Virgin su taimaka a asibitocin wucin gadi na korona. A Suwidin ma'aikatan kamfanin jiragen SAS sun yi ɗan gajeren kwas suka shiga taimakon asibitoci da gidajen tsofaffi. Singafo ma ta tura nata asibitoci. A Japan kamfanonin ANA da JAL aron ma'aikatansu suka bayar ga shaguna da wasu ofisoshi, suna nan a matsayin ma'aikatansu har jirage suka dawo. Da aka fara rigakafi na yi aiki da wata da ta shekara 20 a sama. Ban taɓa ganin wanda ya iya kwantar wa tsoho mai tsoron allura hankali kamarta ba.

Maman Afnan:
Ka ga a nan babu wanda ya yi tunanin haka. Cibiyoyin killace masu cutar suna neman hannu, mu kuma muna zaune da takardar taimakon gaggawa a jaka.

Ni samosa ce ta cece ni. Azumin 2020 ya kama a tsakiyar kullen Kano. Na fara da fulawa mudu biyu da nama kilo ɗaya, ina naɗewa da dare ina sawa a firiza, in NEPA ta ɗauke in tashi in kunna janareta da man da ban san ta inda zan mayar da kuɗinsa ba. Ranar da aka sassauta kulle ƙanena ya kai wa mutane a babur. Abin da ya fi min wuya ba aikin ba ne, sa hoton a waya ne. Dangi sun saba ganina da kayan aiki a filin jirgi, ana cewa ai wance ta haye. Kwana uku ina ɗaukar hoton faranti ina gogewa. Da na daure na sa, wadda ta fara saye abokiyar aikina ce, ita ma tana zaune a gida, ita kuma zannuwan gado take sayarwa. Daga nan muka haɗu mu takwas muka kafa adashe, dubu biyar-biyar duk mako, wadda kuɗin hayarta ya fi matsowa ita ke fara ɗauka.

Baban Khalifa:
Allah ya sa wa sana'ar albarka, ƙanwata, kuma ban raina ta ba. Amma ina tsoron kada mu mayar da samosa da humra su zama amsar tambayar. Mutum ya yi wa kamfani shekara tara, bai kamata ranar wuya a ce ya je ya soya abinci ba. In muka ce kowa ya nemi sana'ar hannu shi ke nan, mun sauke wa kamfani da gwamnati nauyinsu. Ku tuna ma'aikatan Nigeria Airways. An rushe kamfanin a 2003, har 2018 ba a gama biyan haƙƙinsu ba, da yawa sun rasu suna jira. Wannan ba annoba ce ta jawo shi ba. Kuma kamfanoni masu zaman kansu da dama ba sa son jin sunan NUATE, ƙungiyar ma'aikatan sufurin jiragen sama, ko wata ƙungiya a harabarsu, yaran kuma suna tsoron shiga kada a sa musu ido.

Anti Hajo:
Baban Khalifa, gaskiyarka, amma ƙungiya ba ta san da mu 'yan kwantiragi ba. Ranar da tukunya ta ƙi tafasa a gidana ba taron manema labarai na ci ba. Kai kana maganar abin da ya kamata, mu muna maganar abin da muka ci a daren.

Baban Khalifa:
Na yarda, Hajiya, kuma gazawarmu ce da ba mu jawo 'yan kwantiragi ciki ba. Amma ki duba Ethiopian Airlines. Sun cire kujeru daga jiragen fasinja suka mayar da su na kaya, suka yi ta jigilar magunguna da takunkumi, kamfanin bai durƙushe ba. Akwai hanyar da shugabanni za su bi kafin su kai ga wuyan ma'aikaci, in akwai mai matsa musu.

Baƙuwar Dubai:
Akwai abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma shi ya raba waɗanda suka koma da waɗanda suka kasa: lasisi. Takardar lafiya tana ƙarewa, horon sabuntawa duk shekara ne, kuma kowane irin jirgi da nasa horon. Hukumomi sun ɗaga ƙafa na ɗan lokaci, amma ba har abada ba. In kana aiki kamfani ke biya, in kana gida kai za ka biya. Da jirage suka dawo a 2022 aka rasa ma'aikata ko'ina, har filin Heathrow na Landan ya taƙaita fasinja masu tashi zuwa 100,000 a rana, waɗanda takardunsu ke raye su aka fara ɗauka.

Maman Afnan:
Wannan haka yake. Jiragen cikin gida sun dawo 8 ga Yulin 2020 a Legas da Abuja, Kano 11 ga wata, amma sawu kaɗan ne, ba kowa aka kira ba. Ni sai Nuwamba. Da kwasar adashena na biya kuɗin gwajin lafiya, ban sayi komai da ita ba. Cikin mu takwas, biyar mun koma, biyu sun zauna a kasuwanci, ɗaya lasisinta ya mutu ba ta da kuɗin tayar da shi, yanzu tana karɓar baƙi a wani otal a Abuja. Komawar ma ba hutu ba ce. Takunkumi a fuska awa goma, safar hannu, ga fasinja da za ka roƙa sau uku ya rufe hancinsa ya hau ka da faɗa, kai kuma kana tunanin kada ka kai wa Inna cuta gida. In na dawo a zaure nake cire kaya, in yi wanka kafin in shiga gaishe ta. Shekara ɗaya na ƙara na ajiye da kaina bayan na haihu.

Malam Na Zariya:
To Maman Afnan, bayan duk wannan me za ki ce wa 'yar taki?

Maman Afnan:
Ina ganin ba zan hana ta ba, Malam, don aikin ya rufa min asiri, da shi na aurar da ƙanwata na kai Inna Makka. Amma zan zaunar da ita in nuna mata takardar nan mai layi huɗu, har yanzu tana cikin wayata. Zan ce ta karanta takardar ɗaukar aiki tun daga farko har ƙarshe, ta ga nawa ne albashi nawa ne alawus, ta tambaya ko ana zuba mata fansho da gaske, kuma duk wata ta duba saƙon shigarsa. Yaya Baban Khalifa, in ta samu takardar zan turo maka ka duba mana sashen sallama da na hutu.

Baban Khalifa:
Ki turo, ko da dare ne. 'Yar Auta, ke ma in kin kai nan ki turo taki.

'Yar Auta:
In sha Allah, Baba. Anti Hajo, kwas ɗin Zariya da na makarantun Legas duk NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ce ke ba da lasisin?

Anti Hajo:
Ita ce, 'yata, amma kafin ki biya ko kwabo ki tabbatar makarantar tana cikin waɗanda hukumar ta amince da su. Kuma ki fara koyon iyo tun yanzu, don akwai ranar da za a sa ki cikin ruwa da rigar ceto a ce ki hau kwalekwalen roba ki jawo wani.